Wanka da ruwan sanyi: yadda ake farawa, abin da yake yi wa jiki, da inda ake kuskure

Duk wanda ya taɓa kwara wa kansa ruwa mai sanyin gaske ya san abin da ke biyo baya. Numfashi ya ɗauke, sai a ja wata iska mai ƙarfi ba da niyya ba, kafaɗu su ɗage har kunne, zuciya ta shiga dukan uku-uku. Wannan minti ɗaya na farko shi ne kan maganar baki ɗaya. A cikinsa mafi yawan haɗarin yake, kuma koyon mallakar numfashi a cikinsa shi ne ribar da ta fi kowacce tabbas. Wanda ya gane haka ba zai shiga gasar daɗewa a cikin ƙanƙara ba, domin abin da ake nema ana samun sa tun kafin minti uku ya cika.

Abin da ke faruwa idan ruwan ya taɓa fata

Ruwa yana kwashe zafin jiki kusan sau 25 fiye da yadda iska mai sanyi iri ɗaya take yi. Shi ya sa mutum zai zauna a ɗaki mai digiri 15 a ma'aunin Salshiyas da riga ɗaya mai ɗan kauri bai damu ba, amma ruwa mai digiri 15 ya shiɗar da shi.

Da zarar fata ta yi sanyi farat ɗaya, jijiyoyin da ke jin sanyi a cikinta sukan aika saƙo gaba ɗaya a lokaci guda. Abu na farko shi ne wannan jan iska na ba-zata, sai haki mai sauri wanda mutum ba ya iya tsayarwa. Ƙananan hanyoyin jini na fata sukan tsuke don a tattara jini mai ɗumi zuwa ciki, zuciya ta ƙara sauri, awon jini ya hau. Abin yakan kai ƙololuwa a daƙiƙa 30 na farko, ya lafa tsakanin minti ɗaya zuwa uku. Ruwan da ke tsakanin digiri 10 zuwa 15 ya isa ya tayar da wannan firgici da dukkan ƙarfinsa, ba sai an kai ga ƙanƙara ba.

Farfesa Mike Tipton na Jami'ar Portsmouth a Ingila ya shafe shekaru yana nazarin wannan firgicin, kuma aikinsa ya nuna abu mai amfani ga mai farawa: shiga ruwan sanyi sau biyar ko shida, na minti biyu zuwa uku kowane karo, yana rage ƙarfin firgicin da kusan rabi, kuma wannan sabawar takan zauna a jiki watanni. Wato jiki ba ya buƙatar a azabtar da shi. Maimaici yake so.

Idan aka zarce, matakai biyu ne ke gaba. Daga kamar minti goma, tsokar hannuwa da ƙafafu takan yi sanyi, yatsu su sanƙare, riƙo ya yi rauni, mai iyo ya kasa iyo ko da gwani ne. Daga kamar rabin awa zuwa sama zafin cikin jiki ke fara faɗuwa sosai daga digiri 37 da ya saba, kuma idan ya yi ƙasa da 35 an shiga halin da sai an kai ɗauki. Babu wani abin da mai neman lafiya ya ajiye a waɗannan matakai biyu.

Amfanin da aka gani, da wanda aka zuzuta

Gwaji mafi girma da aka yi a kan wankan sanyi an yi shi ne a ƙasar Holan, aka buga sakamakonsa a 2016. Mutum 3,018 aka raba gida huɗu. Gida uku suna wankansu da ruwan ɗumi sannan su rufe da ruwan sanyi na daƙiƙa 30, ko 60, ko 90, kullum har kwana 30. Gida na huɗu suka ci gaba da wankansu yadda suka saba. Masu rufewa da sanyi sun rage fashin zuwa aiki saboda rashin lafiya da kashi 29 cikin ɗari. Sai dai abu biyu ya kamata a riƙe. Yawan kwanakin da suka ce ba su ji daɗin jikinsu ba bai bambanta da na sauran ba, illa dai sun fi iya tashi su tafi aiki. Sannan mai daƙiƙa 90 bai fi mai daƙiƙa 30 da komai ba.

Kuzari da wartsakewar da ake ji bayan fitowa suna da tushe. A wani gwaji da aka buga a 2000, masu bincike a Jamhuriyar Cek sun zaunar da samari a ruwa mai digiri 14 har wuya. Sinadarin noradiranalin, mai farkar da jiki, ya ƙaru a jininsu da kashi 530 cikin ɗari, dofamin kuma, mai alaƙa da jin daɗi, da kashi 250. Ana yawan yawo da waɗannan lambobi a intanet, amma ba a cika faɗin cewa awa guda cur mutanen suka yi a ruwan ba, a ƙarƙashin idon masu bincike. Minti biyu a shawa ba zai ba da wannan adadi ba. Zai dai ba da rabonsa, kuma rabon ya isa mutum ya ji kansa ya washe na wasu awowi.

Ga masu wasanni, zama a ruwa mai digiri 10 zuwa 15 na minti goma zuwa sha biyar bayan gudu mai tsawo ko wasa mai tsanani yana rage tsamin jikin da ke zuwa washegari. Wannan ya tabbata a gwaje-gwaje da dama. Amma akwai tarko ga mai ɗaga ƙarfe, za mu zo kansa.

Sai batun kitse mai ruwan ƙasa. Wani nau'in kitse ne da aikinsa ƙona abinci ya mayar da shi zafi kai tsaye. An daɗe da sanin jarirai suna da shi, amma sai a 2009 bincike uku da suka fito tare suka tabbatar manya ma suna da shi, a gindin wuya da gefen ƙashin baya, kuma sanyi ne ke tayar da shi. A 2015 masu bincike a Jami'ar Maastricht ta ƙasar Holan suka zaunar da mutum takwas masu ciwon suga nau'i na biyu a ɗaki mai digiri 14 zuwa 15, har zuwa awa shida a rana, kwana goma. Yadda jikinsu ke amsa insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini, ya inganta da kashi 43 cikin ɗari. Da aka sake gwajin daga baya, aka tsara shi yadda mutanen ba za su yi rawar sanyi ba, sai wannan ingancin bai bayyana ba. Alama ke nan cewa tsoka mai makyarkyata tana da hannu babba a aikin. A lura kuma iska ce mai sanyi ta awowi, ba wankan minti biyu ba.

Rage ƙiba kuwa, nan ne aka fi cika baki. Kitse mai ruwan ƙasa a jikin babba ɗan kaɗan ne, abin da yake ƙonawa a minti uku bai taka kara ya karya ba, kuma sanyi yana buɗe ciki. Da yawa sukan fito daga ruwa su ci fiye da abin da suka ƙona. Haka batun ciwon damuwa: akwai rahotanni masu daɗin ji, har da na wata mata 'yar shekara 24 a Ingila da aka buga a 2018, wadda ta samu sauƙi da iyo a ruwan sanyi duk mako. Labarin mutum ɗaya ne. Kada kowa ya ajiye maganinsa a kansa.

Waɗanda bai kamata su fara ba sai da izinin likita

A nan ba a wasa. Mai ciwon zuciya kowane iri, ko wanda bugun zuciyarsa ke rikicewa, ko mai hawan jinin da bai daidaita ba, ko wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, firgicin mintin farko yana ɗora wa zuciyarsa kaya a lokacin da hanyoyin jini suka tsuke. Mai sikila ya nisanci abin ɗungurungum, domin sanyi yana cikin sanannun abubuwan da ke tayar da ciwon. Mai farfaɗiya ba ya shiga baho ko tafki don wannan. Mai asma wadda sanyi ke tayar masa, da wanda yatsunsa ke yin fari fat ko shuɗi su yi zogi da ɗan sanyi kaɗan, da wanda fatarsa ke yin borin jini idan sanyi ya taɓa ta, duk su dakata. Mai ciwon suga da ƙafafunsa suka daina ji sosai ba zai san lokacin da sanyi ya fara yi masa lahani ba. Mai juna biyu, da tsoho mai rauni, da ƙaramin yaro, su ma ba da su ake wannan ba. Yaro yana da faɗin fata mai yawa idan aka gwada da nauyinsa, zafinsa yakan tsere da wuri.

Wanda ke shan maganin hawan jini ko na zuciya ya tambayi likitansa ko da yana jin kansa garau. Mai zazzaɓi kuma ya bari sai ya warke.

Makonni huɗu na farko

Kayan aikin ba su da yawa: shawa ko bokiti da kofi, agogon da ke nuna daƙiƙa, tawul a kusa, da kayan sawa da aka riga aka tanada a inda hannu zai kai. Idan da hali a samu ma'aunin zafin ruwa. Yana da muhimmanci, saboda abin da ake kira ruwan sanyi ya bambanta ƙwarai. Ruwan famfo a wani wuri digiri 10 ne, a wani wurin 27. Fata ba ta iya faɗa maka lamba.

Mako na farko, yi wankanka da ruwan ɗumi kamar kullum, ka gama cuɗa da ɗauraya. Sannan ka mayar da ruwan sanyi. Kada ka fara da kai ko fuska. Fara da ƙafafu zuwa cinya, sai hannuwa zuwa kafaɗa, sai ƙirji, sai baya. Bayan shi ne ya fi wuya ga yawancin mutane, musamman tsakanin kafaɗu, don haka a bar shi ƙarshe. Daƙiƙa 15 zuwa 20 sun isa. Mai bokiti ya ajiye bokiti na biyu na ruwan da ba a sirka ba, ya zuba kofi shida zuwa takwas a wannan jerin, ba tare da dogon tsayawa tsakani ba.

Numfashi shi ne aikin. Kafin ruwan ya sauka, ka fara fitar da iska a hankali ta baki, kamar mai hura abu mai zafi, yadda ruwan zai same ka kana fitarwa. Jan iskar zai zo da kansa, kada ka yi kokawa da shi. Abin da ke hannunka shi ne tsawaita fitarwar: ƙirga huɗu kana ja, shida ko takwas kana fitarwa. Sauke kafaɗu, saki muƙamuƙi, buɗe tafin hannu. Mai farawa yakan dunƙule hannu ya cije haƙora ya riƙe numfashi, kuma duk wannan ƙara wa awon jini hawa yake yi.

Mako na biyu, daƙiƙa 30. Mako na uku, 45 zuwa 60. Mako na huɗu, minti ɗaya zuwa biyu, kuma a nan za ka iya barin ruwan ya ratsa wuya da kai a ƙarshe, bayan numfashi ya kwanta. Kwana huɗu ko biyar a mako ya wadatar.

Ma'aunin ci gaba ba agogo ba ne kaɗai. Ka lura da numfashi nawa kake yi kafin hakin ya lafa. A kwanakin farko zai iya cinye duk lokacin. Wajen kwana na shida ko bakwai za ka ga bayan numfashi huɗu ko biyar ka dawo daidai, har kana iya yin magana cikakkiya ba tare da ta yanke ba. Idan ba ka kai nan ba, kada ka ƙara lokaci don kawai mako ya juya. Maimaita makon.

Da safe ko da rana ya fi. Sanyi farkarwa yake yi, kuma wasu idan suka yi shi dab da kwanciya sai barci ya ƙaurace musu. Mai neman barci ruwan ɗumi ne abokinsa, awa ɗaya ko biyu kafin ya kwanta.

Wanda ya tsaya a nan, minti ɗaya ko biyu a ƙarshen wanka, bai yi asarar komai ba. A ra'ayinmu, yawancin mutane nan ya kamata su tsaya.

Idan za a shiga baho

Nutsa jiki ya fi shawa ƙarfi nesa ba kusa ba, domin ruwan yana taɓa fata duka a lokaci guda. Kada a fara shi sai an yi aƙalla wata guda ana wankan sanyi, kuma karo na farko da na biyu da na uku a samu wani babba a kusa, wanda zai iya ɗago mutum. Ba a kulle ƙofa.

Fara da digiri 18 zuwa 20, minti ɗaya zuwa biyu. Duk mako a sauke digiri ɗaya ko biyu har a kai 12 zuwa 15, a tsaya a minti biyu zuwa uku, sau biyu zuwa huɗu a mako. Ƙasa da digiri 10 zafin ciwo ne ke ƙaruwa a yatsu da haɗari, ba a nuna cewa amfani yana ƙaruwa tare da su ba. Adadin minti 11 a mako da ake yawan ambata ya samo asali ne daga wani ƙaramin bincike na 2021 a Denmak kan maza takwas masu iyo a lokacin sanyi. Abin da suka saba yi ne aka ƙirga, ba magani ne da aka auna aka ce ga ƙa'idarsa ba. Amma a matsayin iyaka ta sama ga mai yi a gida, ba laifi.

Lissafin ƙanƙara yana ba mutane mamaki. Kilo ɗaya na ƙanƙara, daga narkewarsa har ruwansa ya kai digiri 15, yana shanye zafin da zai sauke lita 95 na ruwa da digiri ɗaya. Saboda haka, lita 100 mai digiri 25 na buƙatar kimanin kilo 10 zuwa 11 kafin ta sauko 15. Lita 150 mai digiri 28 kuwa sai kimanin kilo 20. Robobin ruwa da aka daskarar a firiza suna aiki, kuma ana sake amfani da su, sai dai sun fi jinkirin sanyaya ruwa. A zuba ƙanƙarar, a jira minti goma zuwa sha biyar, a juya ruwan da kyau, sannan a auna. Idan ba a juya ba, ma'aunin zai faɗi sanyin inda aka tsoma shi ne kawai.

Shiga da ƙafa, a tsaye, sai a durƙusa, sai a zauna a hankali cikin daƙiƙa 20 zuwa 30, ana fitar da numfashi. Ruwa ya tsaya a ƙirji ko gindin wuya. Ba a tsalle a faɗa, ba a nutsa kai. Dalilin yana da kyau a san shi. Ruwan sanyi a fuska tare da riƙe numfashi yana umartar zuciya ta rage gudu, irin abin da ke faruwa ga mai nutso. Ruwan sanyi a sauran jiki kuma yana umartar ta ta ƙara gudu. Idan umarnin biyu suka iso tare, bugun zuciya na iya rikicewa ko ga mai lafiya. Sannan wannan jan iska na ba-zata, idan ya zo kai yana ƙarƙashin ruwa, ruwa za a shaƙa.

Idan yatsun hannu sun dame ka, fitar da su ka ɗora a bakin bahon ko ka soke su a hammata. Ba ragwanci ba ne. Yatsu su ne suka fi saurin lahanta, kuma da su za ka dafa ka fito. Idan ka zauna shiru, wani siririn ruwa mai ɗan ɗumi yakan taru a jikin fata, sanyin ya ragu. Motsa hannu ko ƙafa yana wargaza shi, don haka mai son ƙarin ƙarfi ya motsa maimakon ya ƙara ƙanƙara.

Ruwan da aka bari a baho kwanaki yana tara ƙwayoyin cuta. A yi wanka kafin shiga, a rufe shi, a canza shi duk bayan kwana biyu ko uku idan babu na'urar tace ruwa. Kuma duk wani injin sanyaya ruwa mai amfani da lantarki, a cire shi daga soket kafin a sa ƙafa.

Bayan fitowa

Mutane da yawa ba su san cewa sanyin cikin jiki yana ci gaba da sauka bayan an fito ba. Fata da tsoka sun yi sanyi, kuma suna ci gaba da janye zafi daga ciki. Sai mutum ya fito yana dariya, fata ta yi ja, yana jin kamar zai iya komawa, bayan minti goma kuma makyarkyata ta kama shi har kofi ya gagare shi riƙewa. Wannan saukar na iya ɗaukar rabin awa ko fiye. Shi ya sa ake fita tun ana jin daɗi. Wanda ya jira sai ya fara rawar sanyi a cikin ruwa ya makara.

Tashi a hankali, ka dafa wani abu, domin jiri na iya ɗibar ka. Cire jiƙaƙƙen kaya nan take, goge jiki, fara sa riga da hula kafin wando da safa. Yi tafiya a hankali cikin ɗaki, sha abu mai ɗumi. Kada ka faɗa ruwan zafi kai tsaye: hanyoyin jinin fata sukan buɗe gaba ɗaya, awon jini ya faɗi, mutum ya yanke jiki a banɗaki. Fatar da ta sanƙare kuma ba ta gane ruwa ya yi zafin ƙuna. A jira minti 15 zuwa 20, sannan ruwa mai ɗumi-ɗumi. Ba a tuƙi sai makyarkyata ta tsaya kuma yatsu sun dawo aiki. 'Yar rawar sanyi ta minti biyar zuwa goma ba komai ba ce. Idan ta wuce minti 20, ko ka yini kana jin sanyi da kasala, ka wuce gona da iri, gobe ka rage rabi.

Yawan jin fitsari bayan sanyi ma ba ciwo ba ne. Jinin da aka tattara ciki ne ya sa ƙoda ta ɗauka ruwa ya yi yawa.

Kurakuran da suka fi yawa

Mafi muni shi ne haɗa ruwa da atisayen numfashi mai sauri, irin wanda Wim Hof ɗan ƙasar Holan ya shahara da shi, inda ake jan iska da ƙarfi sau talatin ko arba'in sannan a riƙe. Wannan yana fitar da iskar kabon daga jini, ita ce kuwa ke tunatar da ƙwaƙwalwa cewa lokacin numfashi ya yi. Sai mutum ya suma ba tare da wani gargaɗi ba. A kan katifa, zai farfaɗo. A cikin ruwa, ko da baho ne, an rasa rayuka ta haka. Masu koyar da tsarin su kansu suna hana yin sa a ruwa.

Na biyu, mai ɗaga ƙarfe da ke shiga ruwan sanyi da zarar ya ajiye ƙarfen. A wani gwaji na 2015 a Ostareliya, maza sun yi mako 12 suna atisayen ƙarfi. Rabi suna shiga ruwa mai digiri 10 na minti goma bayan kowane atisaye, rabi suna ɗan tuƙa keken motsa jiki a hankali. Masu ruwan sanyi sun samu ƙarancin girman tsoka da ƙarancin ƙarfi. Kumburin da sanyi ke kwantarwa yana cikin saƙon da ke sa tsoka ta ginu. Mai son tsoka ya yi sanyinsa kafin atisaye, ko a ranar hutu, ko ya bar awowi da dama tsakani.

Na uku, giya ko duk wani abu mai sa maye. Yana buɗe hanyoyin jinin fata, zafi ya tsere, mutum kuma yana jin ɗumi na ƙarya, ga hankali ba cikakke ba.

Na huɗu, ɗaukar sabawar da aka yi a baho zuwa kogi ko tafki ko teku. Can akwai igiyar ruwa da zurfi da nisa daga gaɓa, kuma hannun da ya sanƙare ba ya kama igiya. Ba a zuwa shi kaɗai, ba a wuce inda ƙafa ke taɓa ƙasa, kuma a san ta inda za a fito kafin a shiga. Wanda ya faɗa ruwan sanyi bisa tsautsayi, kada ya fara iyo nan take. Ya kwanta rigingine, ya buɗe hannuwa da ƙafafu, ya bar mintin farko ya wuce, sannan ya nemi mafita.

Akwai kuma mai tsoron cewa wankan sanyi zai sa masa mura. Mura ƙwayar cuta ce ake ɗauka daga wani, ruwa ba ya ƙirƙirar ta. Gaskiya ne daɗewa cikin sanyi da jiƙaƙƙen kaya yana raunana garkuwar hanci da maƙogwaro, shi ya sa ake gajartawa a kuma shirya da wuri.

Sanyin iska da sauran 'yan wahalhalu

Ƙa'idar da ke ƙarƙashin duk wannan ita ce ɗan matsi kaɗan, mai iyaka, wanda hutu ke biyo bayansa, yana sa jiki ya ƙara shiri. Matsi mai yawa ko marar yankewa kuwa rushewa yake yi. Motsa jiki shi ne misalin da hujjarsa ta fi ta sanyi ƙarfi nesa, don haka wanda zai zaɓi ɗaya tsakanin tafiyar rabin awa da bahon ƙanƙara, ya zaɓi tafiyar.

Sanyin iska ya fi sauƙi kuma shi ne aka fi gwadawa a kan kitse mai ruwan ƙasa. A Japan, a 2013, an zaunar da samari a digiri 17 awa biyu a rana na mako shida, aikin wannan kitsen ya ƙaru a jikinsu. A aikace, a lokacin sanyi ka rage riga ɗaya idan kana zaune a gida, ka tsaya a inda kake jin sanyi amma haƙora ba sa kaɗawa, awa ɗaya ko biyu. Ka fita tafiya da kaya marasa nauyi, amma hannu da ƙafa da kunne a rufe, da rigar ɗumi a jaka. Ɗakin kwana mai digiri 16 zuwa 19 ya dace da barcin yawancin manya. Wannan bai shafi tsofaffi da jarirai da masu ciwon zuciya ko huhu ba, su gida mai sanyi cutar da su yake yi.

Zafi ma ana sabawa da shi, cikin kwana bakwai zuwa sha huɗu na aiki kaɗan-kaɗan a cikinsa: gumi ya riƙa zuwa da wuri, gishirin da ke fita a cikinsa ya ragu, zuciya ta daina gudu sosai. Sai dai kada a tara komai a mako guda. Sabon abu ɗaya, a ba shi wata, a ga yadda barci da kuzari suka amsa.

Lokacin da za a fito nan take

Ciwon ƙirji, bugun zuciya mai tsalle-tsalle, jiri, duhun gani, matsanancin ciwon kai da ya sauko farat ɗaya, numfashin da ya ƙi kwanciya bayan minti ɗaya da rabi, ko yatsun da suka yi fari suka daina ji. Kowanne daga cikinsu, a fito, kuma ciwon ƙirji ko suma na nufin asibiti a ranar.

Wanda ke tsaye a gefe ya sa ido kan magana da hannu. Idan maganar mutum ta fara sarƙewa, ko yana amsa abin da ba a tambaye shi ba, ko ya kasa sa maɓallin riga, sanyi ya shiga ciki. Idan makyarkyata ta tsaya alhali har yanzu jikinsa ƙanƙara ne kuma yana gyangyaɗi, abin ya yi tsanani. A kira agajin gaggawa, a kwantar da shi a hankali ba tare da jijjiga ba, a cire jiƙaƙƙen kaya, a shimfiɗa abu a ƙarƙashinsa, a lulluɓe ƙirji da wuya da kai da bargo. Ba a murza masa hannu da ƙafa, ba a tsoma shi a ruwan zafi, kuma ba a ba shi abin sha sai idan yana farke sarai yana iya haɗiya da kansa.